Lokaci ne ya raba mu, ko dama can ba mu dace ba?

Uwar Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan'uwa ya turo mini wannan ta bayan fage, ya ce a sakaya sunansa. Yana cikinmu yana karantawa, in yana da amsa zai turo mini in liƙa. Ban da zagi, ban da talla. Ga saƙonsa:

"Anti, barka da dare. Shekarata 29. Na haɗu da wata yarinya a 2018, ina aji biyu a jami'a, ita kuma ta gama sakandare ke nan. Shekara huɗu muna tare. Gidansu an san ni, ƙannenta Yaya suke ce mini, mahaifiyarta har aikena take yi. Lissafina in gama a 2021, in yi bautar ƙasa, a sha biki. Sai ga korona, ga yajin aikin malaman jami'a na 2020, ga kuma na 2022 da ya cinye wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ana tsakiyar wannan yajin aikin mahaifinta ya ce ta fito da miji. Ni a lokacin ko katifar kirki ba ni da ita. Na nemi a ƙara mini shekara biyu, aka ce a'a. Kafin shekarar ta fita aka ɗaura mata aure da wani ɗan kasuwa.

Na sha jinyar zuciya, na warke. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina da ɗan shagon sayar da waya. Bara na haɗu da wata mai hankali, iyayena suna sonta. An kai kuɗi, an sa rana, saura wata biyu, an ma fara haɗa lefe. Makon jiya sai ga saƙo daga ta farkon: aurenta ya mutu, ta dawo gida da 'yarta ɗaya. Ba ta ce komai ba illa in yafe mata. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Wadda zan aura ba mu taɓa faɗa ba, amma ban taɓa jin abin da nake ji a kan waccan ba. Waccan kuwa kullum cikin faɗa da shiri muke, sai dai in ta yi dariya ji nake duniya ta zauna daidai. Shin waccan ce matata, lokaci ya raba mu yanzu ya dawo mini da ita? Ko dama ba mu dace ba, shi ya sa Allah ya raba? A ba ni shawara don Allah."

Ummu Sudais: Matar mutum kabarinsa. In taka ce ko aure goma ta yi sai ta dawo.

Ɗan Fagge: Malam me ya yi zafi? Ka haɗa su biyu. Amarya ta shigo bayan wata biyu, tsohuwar zuma ta biyo baya baɗi. Da tsohuwar zuma ake magani ai.

Zee: Ɗan Fagge, kai da ko ɗaya ba ka ajiye ba kake raba biyu? Bari azumi ya zo, Nalako mai kamun gwauraye na nan zuwa da igiyarsa.

Ɗan Fagge: Na ƙaura daga unguwarmu, ba zai gan ni ba.

Maman Ilham: Ni kafin in ce komai ina da tambaya, don labarin akwai gurbin da aka tsallake. Ƙanena, ka ce "na nemi a ƙara mini shekara biyu". Ta bakin wa ka nema? Ita ka gaya wa a zance ta je ta gaya wa mamanta, mamanta ta gaya wa babanta? Ko magabatanka ka tura, kawunka ko baffanka, suka zauna da mahaifinta suka ce ɗanmu yana so, ga halin da yake ciki, ga abin da muke iya yi yanzu, ga ranar da muke roƙo? Don waɗannan biyun ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Na farko magana ce ta saurayi, kuma uba ya san maganar saurayi iska ce. Na biyu alkawari ne na manya, akwai kunya a tsakani.

Ina faɗar haka ne don mun iya ɗora wa lokaci laifi. Lokaci ba shi da baki, ba zai kare kansa ba. Duk wanda ya yi sake da damarsa sai ya ce lokaci bai yi ba.

Baban Khalifa: Haba Maman Ilham, ki yi masa adalci. Ɗalibi ne fa, yana zaune a gida makaranta a rufe. Da wane ido zai kalli baffansa ya ce a je a nema masa aure? Abu na farko da za a tambaye shi shi ne "da me za ka riƙe ta?" Ko da ya gama, alawus ɗin bautar ƙasa a lokacin naira 33,000 ne. Sannan a Mayun 2023 aka cire tallafin mai, komai ya tashi sama. Ku mata kuna ganin aure kamar niyya ce kawai. Kuɗin na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwa, sadaki, lefe, hayar gida na shekara, ga dangin amarya suna zuwa ganin gida su taɓe baki su ce ɗakin ya yi wa kayanmu kaɗan. Wannan ba sake ba ne, rashi ne.

Maman Ilham: Ban musa rashi ba. Amma akwai iyaye da yawa da in manya suka zo suka yi magana, ko ba a kawo sisi ba, suna jira. Abin da uba ba ya iya jira shi ne saurayin da ya shekara huɗu yana dumama masa dakalin ƙofar gida, ya kori duk mai zuwa, kuma ko goro ɗaya bai taɓa shigowa daga gidansu ba.

Zee: Wannan gaskiya ne, kuma ku bar ni in faɗi abin da maza ba sa so su ji. Agogonmu da naku ba ɗaya ba ne a garin nan. Kai a shekara 25 yaro ne mai tasowa, a 35 ma "matashi" ake ce maka. Mace kuwa tana haura 25 ake fara yi mata addu'a da ƙarfi a gidan suna, wai Allah ya kawo nagari, ana kallonta ta wutsiyar ido. Ni shekarata 31, ina aikina, kuma na jira wani shekara biyar. Kullum "bari in gama wannan", "bari gini ya kai linta". Ranar da gini ya kammala wata 'yar shekara 19 ya saka a ciki. Da na yi magana cewa ya yi ƙaddara ce. To, uban da ya ce 'yarsa ba za ta jira shekara biyu a kan maganar baki ba, ni ba na ganin laifinsa. Irin labarina ya gani ya ji tsoro.

Ummu Sudais: Allah sarki Zee. Wani hanin ga Allah baiwa ne, naki na tafe.

Zee: Amin Anti. Ai ban mutu ba, ina cin abincina.

Almajirin Malam: Salamu alaikum. Kafin a je ga wa ya dace da wa, akwai abin da ya fi gaggawa kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba. Ɗan'uwa ya ce aurenta ya mutu, makon jiya ta turo saƙo. Saki nawa ne? Ta gama idda? In saki ɗaya ne ko biyu kuma tana cikin idda, to har yanzu matar wancan ce, yana da ikon mayar da ita ko ba sabon sadaki. A wannan halin ko habaicin neman aure bai halatta ba, balle hirar dare ta waya. Ayar Baƙara ta 235 da ta yi sauƙi a kan yin ishara, malamai sun ce a kan irin mai takaba take, ita ma ban da ƙulla alkawari a ɓoye. Ke nan shari'a da kanta ta san cewa mutum yana iya dacewa da kai amma lokacin magana bai yi ba. Kada ka zama sanadin da zai hana a yi sulhu a gidan da akwai 'ya a tsakani.

Sai batun dacewa, wanda a fiƙihu ake kira kafa'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, abu biyu ne: addini da hali, wato mutum ya zama mai riƙo da addini, kuma ya kuɓuta daga aibobin da ke ba da zaɓin raba aure. Wasu mazhabobin, kamar Hanafiyya, sun ƙara da nasaba da sana'a da dukiya. Amma ku duba yadda Annabi (SAW) ya yi da Faɗimatu bintu Ƙais, hadisin yana cikin Muslim. Ta zo ta ce Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta. Bai ce mata wanne zuciyarki ta fi bugawa a kansa ba. Ya ce Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa (wato mai dukan mata ne), ki auri Usama ɗan Zaid. Da farko ba ta so ba, daga baya ta aure shi, kuma da bakinta ta ce Allah ya sanya alheri a ciki. Ku lura, Mu'awiyan da aka ce ba shi da dukiya shi ne daga baya ya zama halifa. Ba mutumin aka kushe ba, halin da yake ciki a wannan ranar aka duba.

Baban Khalifa: Madalla. Ke nan Malam ya goyi bayana, rashi dalili ne.

Almajirin Malam: Dalili ne ga uban yarinya ya ƙi, Baban Khalifa. Ban ce dalili ne ga saurayi ya riƙe 'yar mutane shekara huɗu ba.

Gwauron Zamani: Malam, ina so a wannan lissafin? Kuna ta maganar hali da dukiya kamar ana cinikin fili. Mutumin nan ya ce wadda zai aura ba ya jin komai a kanta. Zaman aure ba so ai kurkuku ne.

Almajirin Malam: So yana da gurbinsa, babba ma. Barira da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Yana bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) ya ce da ma ki koma masa. Ta ce umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto nake yi. Ta ce to ba ni da buƙatarsa. Kuma ba a tilasta ta ba, yana cikin Bukhari. Ke nan ba a yi wa zuciya dole. Amma ɗan'uwan nan bai ce yana ƙin wadda zai aura ba. Ya shekara yana zuwa wurinta da ƙafarsa, ya tura iyayensa da bakinsa. Sai makon jiya ya gano ba ya jin komai?

Ɗan Fagge: Malam ya ɗaure ka da jijiyarka, Gwauro.

Hajiya Turai: Mu dai abin da muka taso muka ji shi ne ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Yarinyar da ta shekara biyu ko uku a gidan ɗan kasuwa, ta saba da firji cike da cefanen wata, za ta iya zama da albashin malamin makarantar kuɗi? A yi tunani.

Zee: Hajiya, wannan karin maganar an cuci mutane da yawa da ita. Da ita ake hana ɗan mahauta ko ɗan wanzamai aure ko da digiri uku gare shi, wai ba sa'an gidanmu ba ne. Kuma wa ya ce miki ta ji daɗi a gidan? In firji ne ke riƙe aure da ba ta fito ba.

Hajiya Turai: 'Yata, ban ce asali ba, sabo na ce. Sabo kuwa turken wawa ne, kowa yana da nasa.

Mai Kayan Ɗaki: Masu shirin biki akwai akwatuna saiti shida da saiti goma sha biyu, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni.

Uwar Zaure: Na ce ban da talla. Na goge lambar, in aka sake zan fitar da mutum.

Sista Jummai: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in kawo tawa dacewar da ba ruwanta da dariya mai sa duniya ta zauna daidai. Kun yi gwajin jini? Ba na rukunin jini na A da B da O nake nufi ba, mutane suna yawan haɗa su. Na sikila nake nufi, AA ko AS ko SS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. In AS ya auri AS, kowane ciki da aka samu akwai yiwuwar kashi 25 cikin ɗari a haifi mai SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ku lura da kalmar "kowane ciki". Ba wai in kun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ita ba. Ana iya haifar uku a jere duk masu sikila, ana iya haifar biyar ba ko ɗaya. Kowane ciki sabon lissafi ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne lokacin da ake zuwa gwajin. Sai an shekara uku ana soyayya, an sa rana, an buga kati, saura mako biyu, sannan a zo. In sakamako ya fito AS da AS sai kuka, wasu har su roƙi a canza musu takarda. A Kano tun 2024 gwamna ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila. Doka ta yi kyau, amma dokar ba ta hana ka yi tun wata na biyu da fara zance ba, lokacin da rabuwa ba za ta kashe kowa ba. Na kwana da uwayen da 'ya'yansu ke murƙususu saboda ciwon ƙashi, ana neman jinin da za a ƙara musu da tsakar dare. Ban taɓa jin wadda ta ce soyayya ta rage mata zafin wannan daren ba.

Ummu Sudais: Amma Sista ai komai na Allah ne.

Sista Jummai: Na Allah ne Anti, gwajin ma Shi ya ba da iliminsa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan wannan labari ba baƙo ba ne, sai dai mu ba yajin aiki ke raba mu ba, bida ce. Saurayi ya tafi Agadas ko Aljeriya ko Libiya neman kuɗin aure, ya ce shekara guda, ta zama uku. Ya dawo da kuɗin ya tarar da ita da goyo. Yayana haka ta faru da shi. Bayan shekara bakwai mijin ya rasu, ta gama takaba wata huɗu da kwana goma, ya aure ta. Yau 'ya'yansu huɗu, ban taɓa jin kansu ba. Don haka ni na yarda ana iya dacewa lokaci ya gitta. Amma shi lokacin da ta fito ba shi da alkawarin kowa a wuyansa. Nan ne bambancinsu da mai tambaya.

Bazawara Mai Aji: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don maganar ta taɓa ni. Ni na yi abin da ɗan'uwan nan yake tunanin yi, daga ɓangaren mace. Aurena na fari ya mutu bayan shekara huɗu, na fito da ɗa ɗaya. Saurayina na makaranta ya dawo, muka ce ai dama mu ne, ƙaddara ce ta gitta. Wata goma sha ɗaya muka yi.

Ba mugu ba ne, ni ma ba muguwa ba ce. Abin da ya faru shi ne, shi yarinyar nan 'yar shekara 20 ya zo nema, mai kwalliya ta fito zance ta yi shagwaɓa. Ya tarar da mace mai ɗa, wadda ta san kuɗin gas da na makaranta, wadda in an yi mata tsawa jikinta ke rawa saboda abin da ta gani a baya. Ni kuma ina neman yaron nan mai rubuto mini saƙo mai tsawo da daddare, na tarar da magidanci mai gajiya, kuma mai kishin mutumin da ba ya nan. In ɗana ya yi rashin ji sai ya ce halin ubansa ne. In na yi shiru sai ya ce tunanin wancan nake. Ranar da uban yaron ya aiko da kayan sallah, kwana uku ba a ci girkina ba.

Don haka ƙanena, wadda kake kwana kana tunani ba ta nan. Ta tafi tun 2022. Wadda ta turo maka saƙo wata mace ce daban mai irin sunanta da irin dariyarta, kuma ba ka san ta ba. Wataƙila ta fi waccan alheri ma, zawarawa ba abin gudu ba ne, Jabir ɗan Abdullahi bazawara ya zaɓa don ta kula masa da ƙannensa mata bayan rasuwar mahaifinsa a Uhudu. Amma shi ya san abin da ya zaɓa da dalilin zaɓensa. Kai fa? Za ka iya riƙe 'yar wani, ubanta yana zuwa ƙofar gidanka ganinta?

Abu na ƙarshe. Mace in aurenta ya mutu, makonnin farko tana cikin wani hali da ba ta san kanta ba. Gida ya yi mata ƙunci, ƙannenta sun mamaye ɗakinta, kowa yana yi mata kallon tausayi. Sai ta tuna wurin da aka taɓa ganin darajarta. Ni ma na tura irin wannan saƙon na "ka yafe mini". Ba aure nake nema ba a ranar, so nake wani ya tuna mini cewa ni mutum ce.

Maman Ilham: Wallahi kin gama magana. Allah ya saka miki da mafi alheri.

Gwauron Zamani: To amma na Ɗan Damagaram ai ya yi kyau. Ba kowa ne zai zama irin naki ba.

Bazawara Mai Aji: Haka ne. Ban ce ba ya yiwuwa ba. Na ce ya san da wa zai zauna.

Uwar Zaure: Mai tambaya ya turo amsa:

"Na gode wa kowa. Maman Ilham, gaskiya ban tura manya ba. Kuma akwai abin da ban faɗa ba. Da kawuna ya ji labari a lokacin, ya kira ni ya ce zai biya sadaki, akwai ɗaki ciki da falo a gidanmu na gado, a gyara mu zauna, ya sa ni a shagonsa kafin a koma makaranta. Ni na ƙi. Na riga na yi mata alkawarin gidan da ba kowa sai mu biyu, kuma ƙawayenta duk gidajen kansu aka kai su, na ji kunyar a ce a gidan yawa na ajiye ta. Ban ma gaya mata kawu ya yi wannan tayin ba, har yau ba ta sani ba. Malam, ban san ko saki nawa ba ne, ban tambaya ba. Sista, ni AS ne, wadda zan aura AA ce, mun yi gwaji. Ta farkon ba mu taɓa yi ba."

Zee: Innalillahi. Ke nan ƙofa a buɗe take ka rufe da hannunka, ka zo kana ce mana yajin aiki.

Baban Khalifa: To ni na janye rabin maganata. Rabin kawai, don kunyar nan da ya ji ba shi ya ƙirƙire ta ba. Mu muka mayar da zama a gidan gado abin gori. Iyayenmu a ɗaki ɗaya aka kai su, da tabarma da 'yan kwanuka.

Maman Ilham: Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai gaya mata ba. Ya yanke mata hukunci shi kaɗai. Wataƙila da ta ce ta yarda da ciki da falon, wataƙila da ta ce a'a, sai ya san ba su dace ba tun a lokacin, ya huta da wannan tambayar. Yanzu ga shi zai sake maimaita abin a kan wata.

Ummu Sudais: Ya yi istihara kawai, abin da ya gani a mafarki ya bi.

Almajirin Malam: Istihara raka'a biyu ce da addu'a, Anti, sannan mutum ya yi shawara ya kama hanya. Ba sharaɗi ba ne a yi mafarki. Wanda ya kwana bakwai yana tunanin mace ɗaya, wa kike jin zai gani in ya rufe ido?

Hajiya Babba: Jikata ce ke rubuta mini, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Shekarata 44 a ɗakin mijina kafin Allah ya karɓi abinsa. Na ji an karanto mini duka, kuma tun daga sama har ƙasa ana ta maganar yaron da tsohuwar budurwarsa. Yarinyar da aka sa wa rana fa? Ita ba 'yar mutane ba ce? Yanzu haka wataƙila uwarta ta ci bashin adashi ta sayi gado da kujeru, an gaya wa dangi na nesa, ita kuma tana can tana ƙirga kwanaki. In ka fasa, ba za a ce kai ne mai ruwan ido ba. Cewa za a yi me aka gani a jikinta aka fasa saura wata biyu, kuma wannan tambayar za ta bi ta har wurin mai neman da zai zo bayanka.

Ka ce ba ku taɓa faɗa ba kamar wani aibi ne. Ɗana, faɗa da shiri yana da daɗi ne a waje, inda kowa zai koma gidansu ya kwana, gobe a zo da ɗan turare a ba da haƙuri. A cikin ɗaki ɗaya, da yaro yana kuka, ga ba kuɗin cefane, ba shi da wannan daɗin. Ni ranar da aka kai ni ban san Alhaji ba sai gani biyu. Ba na ce a koma wannan zamanin ba, na ga waɗanda aka yi wa haka suka wahala har suka mutu. Amma na san so iri biyu ne, akwai mai zuwa da gudu akwai mai zuwa da rarrafe, kuma ba ka ba na biyun lokaci ba tukuna.

In kuma ka duba zuciyarka ka ga wallahi ba za ka iya yi wa yarinyar nan adalci ba, to kada ka kai ta gidanka ka riƙa kallon bango kana tuna wata. Ka je yau, ba gobe ba, ka sami kawun nan naka ka faɗa masa gaskiya, manya su san yadda za su yi tun ba a raba goro ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka riƙe igiya biyu kana jira ka ga wadda za ta fi ƙarfi.

Ɗan Fagge: Hajiya, ni dama shawarar igiya biyun na bayar tun farko.

Hajiya Babba: Kai kuma in na kama ka sai na ja kunnenka. Nemo ɗaya tukuna.

Sista Jummai: Kuma tunda shi AS ne, ko da komai ya daidaita, maganar ta farkon ba ta ma taso ba sai an ga takardar gwajinta.

Uwar Zaure: Ya sake turowa:

"Na ji, Hajiya. Na mayar mata da amsa yanzu, na ce na yafe mata, ni ma ta yafe mini, akwai laifina da ba ta sani ba. Na ce kada mu sake magana, in da rabon sulhu da mijinta Allah ya daidaita su. Gobe bayan la'asar zan je wurin kawu. Ban san me zan ce masa ba tukuna."

Maman Ilham: Ka fara da ba shi haƙurin tayinsa da ka ƙi a 2022. Sauran maganar za ta zo da kanta.

Zee: Anti Uwar Zaure, don Allah in ya dawo daga wurin kawun a sanar da mu.

Uwar Zaure: In ya yarda. Dare ya yi, na rufe sai da safe.